Karen da Na Koya wa Shiga Rigata

Ni dai tun tasowata ba a taɓa yabona da hankali ba, kuma ban ba kowa dalilin ya fara ba. Lakwal ɗin, wato makarantar boko, da gardin gwamnati ya ja ni ya kai a Mayahi, ban daɗe a ciki ba na tsallake danga na dawo gida. Wannan ɗan rubutun ma da kuke gani, sai da furfura ta fara fito mani na koye shi. Na yi wauta iri-iri. Na taɓa ɗaure jakin mai gari da na liman wutsiya da wutsiya ranar kasuwa. Na taɓa zuba wa surukin yayana garin barkono a cikin tabar hancinsa. Waɗannan duk ina ba da labarinsu a gindin gawo ana dariya, ni ne ma kan gaba wajen dariyar. Amma akwai wata da ba ta shiga hirar gindin gawo. Ita a tsakiyar Tasawa na yi ta, rana tsaka, cikin farar riga sabuwa, kuma karena na yi wa.

Shekarun nan ne da Nasara ke naɗe kayansu, aka sauke tutarsu aka ɗaga tamu. Mu dai a ƙauyenmu, can gefen Kanan-Bakashe, abin da ya fi tuta damunmu shi ne gujiya. Kowa ya rage hatsi ya ƙara gujiya. In kaka ta yi a tuge, a shanya, a ɓare, a ɗura a buhu, a ɗora wa jakai sai Tasawa, inda masu saye suke da baskil ɗinsu na awo. Amma kafin ta kai buhu sai ka yi faɗa da kurege da gafiya, har da birai a wasu shekarun, mutum kuwa ba ya iya tare a gona kamar gunki. Shi ya sa na nemi kare.

Wani Bafulatani ne ya ba ni shi yana ɗan kwikwiyo. Shi ne ke sauka da shanunsa a gonata da rani, su ci kara su bar mani taki. Karen ja ne, mai dogayen ƙafafu, da farin tabo a ƙirji. Sunan da na sa mashi ba zan rubuta ba, don habaici ne ga wani maƙwabcina da muka yi rigimar iyakar gona, kuma jikokinsa suna nan da ransu, sun iya karatu. Duk sanda na ƙwala wa karen kira a tsakar gida, sai in ji maƙwabcin ya yi tsaki ta bayan darni. Don tsakin nan kaɗai nakan kira shi, ko ba ni da abin ba shi.

Ya girma ya zama kare na gaske. Kurege bai ƙara sakewa a gonata ba. Mai ɗakina takan tara mashi ƙanzon tuwo a wani fasasshen kasko, tana ba shi tana zaginsa, shi kuwa yana kaɗa mata wutsiya kamar kirari take yi mashi. Aibinsa guda ne: ba ya yarda in yi tafiya ba shi. In na fara ɗora wa jakai kaya, kafin in ɗauki sanda ya riga ni bakin hanya yana jira.

To, hanyarmu in ta shigo Tasawa, ta gefen mahauta take bi da kai. Lokacin cinikin gujiya kuwa yanka yakan yi yawa, don kowa ya sayar sai ya ce yau sai ya ci nama. Jini da hanji da ƙashi suna nan zube, karnukan da ba su da mai su suka taru a wurin suka mai da shi gida. Ba irin karnukan ƙauye ba ne da za ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse su watse. Waɗannan sun ƙoshi, wuyansu ya yi kauri, kunnuwansu duk a yayyage. Mutum ba su cika kula shi ba. Amma baƙon kare in ya ratso, sai su taso mashi gaba ɗaya. Akwai babbansu, wani baƙi mai ido ɗaya, wanda su kansu mahautan suke kaffa-kaffa da shi.

Zuwanmu na farko suka kama nawa a cinya. Da ƙyar na raba su da sanda, jakina ɗaya ya firgita ya kayar da buhu, gujiya ta watse cikin rairayi, na wuni ina tsinta yara suna taya ni da baki. Na dawo gida ina rantsuwa sai na yi maganinsu.

Na taɓa hangen karen wani Bature a bakin kanti da abin wuya mai ƙayoyin ƙarfe. Sai na yanko tsohuwar fata na kai wa maƙerin garinmu, na ce ya kafa mani ƙusoshi a jiki, tsinin yana waje.

Ya juya fatar ya ce, "Wa za a sa wa wannan?"

Na ce, "Karena."

Ya ce, "Me ya yi maka?"

Ashe ya fi ni gaskiya. Ranar da na ɗaura mashi, ya ɗaga ƙafa zai yi susa ya tsaga tafinsa. Ya zo shafa jikinsa a ƙafata kamar yadda ya saba, ya tsaga mani ƙwauri. Da yamma ya kutsa tsakanin awakin mai ɗakina, wata ta fito da jini a haƙarƙari. Ita ta kwance abin da hannunta ta jefa shi kan rumbu.

Ta ce, "Ka gama da na gida. Yanzu saura na Tasawa."

Maganin da ya yi aiki ba ni na ƙirƙiro shi ba, karen ne. Ina da wata tsohuwar baƙar riga ta rini, gadon babana, mai faɗi, tana sauka har idon sawu. Da ita nake tafiya. Wata rana a bakin rijiya karnukan wasu mahalba suka taso mashi, sai ya rugo da gudu ya kutsa tsakanin ƙafafuna, ya shige ƙarƙashin rigar ya lafe. Ni kuwa na tsaya cak da sanda a hannu, don ba inda zan motsa. Karnukan suka zo suka tirje. Suna kewaya ni suna gurnani, amma ba wanda ya yarda ya sa kansa inda sanda za ta kai. Da suka gaji suka koma. Na leƙa cikin rigar, ya leƙo ni. Na ce, to, ga magani nan, kuma ba a biya maƙeri ba.

Daga nan na shiga koya mashi sosai, da ƙuliƙuli. In buɗe ƙafa, in ɗan ɗaga bakin riga, in bugi cinyata da tafin hannu. In ya shiga in miƙa mashi ƙuli a ciki. Har muka iya tafiya tare a haka: ni ina tafe a tattale kamar wanda aka yi wa kaciya da girmansa, shi yana ciki yana bin takuna, ba abin da ake gani sai jar wutsiya tana leƙowa ta baya. Mai ɗakina ta sha ƙorafi ranar wanki. Ta ce cikin rigar nan gashin kare ya fi zare yawa, in ta wanke ta sai ta wanke ƙwaryar.

Da kaka ta zagayo muka gwada a Tasawa. Muna hango mahauta na bugi cinya, ya shige. Na koro jakai gaba, na biyo su a tattale, sanda a ɗage. Baƙin nan mai ido ɗaya ya taso da mutanensa, suna jin warin baƙo amma ba sa ganinsa. Suka raka mu suna gurnani har muka wuce. Mahauta kuwa suka ajiye wuƙaƙe suna riƙe ciki.

"Kai jama'a, ku zo ku ga mutum mai wutsiya!"

"Malam, ciki ne ko kaya?"

"In ka sauka lafiya a ba mu ɗaya!"

Na ce, "Ku dai tanadi goron suna, kada a zo a same ku hannu sake."

Tun daga ranar sunana a wurin ya zama mai wutsiya. Bai dame ni ba, ni da na saba a yi da ni in yi da mutane. Abin da nake tunawa daga wucewar nan shi ne ɗumin jikinsa a ƙwaurina, da yadda zuciyarsa ke bugawa da sauri in mun zo daidai wurin, sa'an nan ta riƙa lafawa. Mun yi kaka bayan kaka muna wucewa a haka, ko ƙwarzane bai ƙara samu ba.

Cikin masu sayen gujiya akwai wani Alhaji, dattijo ɗan asalin Tasawa, wanda ya fara saye da kansa da Nasara suka fara ja da baya. Ni ban taɓa sayar mashi ba, daga nesa nake hangensa. Mutum ne mai tsabta, kullum da rawani da laima da tasbaha, in ya wuce ƙamshi ya biyo shi. Sai labari ya zo cewa yana neman wanda zai riƙa tara mashi gujiya a ƙauyukan wajenmu, ya ba shi buhuna da mudun awo. Na aika da wani ɗan garinmu ya yi mani magana, aka ce in zo. Nan da nan na ga kaina zaune kan tabarma a gindin gawo, ana kawo mani ana gaishe ni, maƙwabcina mai tsaki yana cikin masu jiran layi.

Na taɓa ganin wani kare ya gitta ta gaban Alhajin, ya tattare rigarsa ya kauce. Daga wannan kaɗai na yanke wa kaina cewa mutumin nan ba zai ɗauki mai kare ba, balle mai yawo da kare a cikin riga. Shi bai faɗa mani ba, ba kuma wanda ya faɗa mani. Ni na zauna na ƙulla abina.

Ina da farar riga da na ɗinka da gujiyar bara, mai aiki a wuya, ban taɓa sa ta ba sai sallah. Na naɗe ta cikin zane tare da jar dara. Da aka yi asuba na ɗaure karen a jikin rumbu da igiyar kaba.

Mai ɗakina ta dubi igiyar ta ce, "Kaba? Kafin ka kai rijiya ya cinye ta."

Na ce, "To ki sa mashi ido."

Ta ce, "Ni da daka, ni da ɗiban ruwa, ni kuma da tsaron kare? Me ya sa ba za ka tafi da shi ba kamar kullum?"

Na ce, "Wurin manya za ni."

Ta ce, "Allah ya kai ka lafiya, manya."

Ina jin kukansa har na fita gari. Ban waiwaya ba.

Da hantsi ya yi sosai na iso bakin Tasawa. Na shiga bayan wata sabara na tuɓe baƙar rigar, na sa fara, na kafa dara. Na dubi sandata na ga ba ta dace da kayan ba, ƴan birni ba sa yawo da sandar kora jaki. Na naɗe ta cikin baƙar rigar na tura cikin sabarar. Da na zo wucewa ta mahauta ba wanda ya ce mani uffan, karnukan ma ko kai ba su ɗaga ba. Na ce a raina, ashe haka mutunci yake, ba wanda ya gane ni. Ban kawo cewa aiki ne ya yi masu yawa ba.

Filin Alhaji ba shi da nisa da mahautar. Buhuna jibge kamar ɗaki, ana loda wani kamyo, babbar motar kaya, ƴan ɗauko suna waƙa. Na tuɓe takalmi na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni daga dara har ƙasa, ya ɗan yi murmushi, ya ce in tashi. Muka tsaya kusa da baskil yana tambayata ƙauyukanmu: wa ke noma da yawa, ina hanya take da rairayin da kamyo ba ya bi, ko na san mutanen Gidan Amumune. Ina amsawa da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba. Har na fara cewa "mu ƴan kasuwa".

Sai muka ji hayaniya ta wajen mahauta, haushi da ihun mutane. Na juya. Ga shi nan tafe da gudu, guntun igiyar kaba yana jansa a ƙasa, harshe waje, kunne ɗaya yana jini. A bayansa baƙin karen nan mai ido ɗaya ne da sauran duka. Shi kaɗai ya ratso su, bayan ya yi tafiyar nan tun daga gida. Ya ratsa ƴan ɗauko, ya ratsa jakai, bai nufi kowa ba sai ni. Da ya kusa ya sunkuyar da kai ya kwantar da kunne, yadda yake yi in zai shiga.

Hannuna na dama har ya tashi zai bugi cinya, don ya saba. Sai idona ya faɗa kan farar rigar, ya faɗa kan Alhaji. Na tattare rigar da hannu biyu na ɗaga ta har gwiwa, na haɗe ƙafafuna, na ja da baya. Kuma ban tsaya nan ba. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce, "Kai, tafi can! Na wane ne wannan?"

Kansa ya bugi ƙwaurina. Ya tsaya, ya ɗago ya dube ni. Da bai tsaya ba, wataƙila da ya shige ƙarƙashin kamyo ko tsakanin buhuna. Tsayawar nan da ya yi yana neman ƙofa, a ciki suka cim mashi.

Alhaji ya ce, "Subhanallahi! Buɗe mashi rigar mana!"

Mahauta suna tafe da gudu suna cewa, "Mai wutsiya, buɗe mashi! Buɗe mashi!"

A nan na gane ba wanda farar riga da dara suka ɓoye wa ni. Kowa ya san ni, kowa ya san karen, kowa ya ji abin da na ce. Ina so in rubuta cewa daga nan na saki rigar na faɗa cikinsu. Ban yi ba. Ina tsaye riƙe da rigata a gwiwa kamar mace za ta tsallake ruwa, hannuna ya ƙi buɗewa. Suna birgima a gabana cikin rairayi, ina jin muryarsa a ƙarƙashinsu.

Alhaji ne ya shiga. Dattijon nan mai tattare riga in kare ya gitta, shi ya naɗe laimarsa ya yi ta maka wa baƙin karen a ka yana salati, har laimar ta karye ya ci gaba da guntun. Ƴan ɗauko suka kawo itace, wani mahauci ya watsa masu ruwa, suka watse suna waiwaye.

Nawa yana kwance. Kunnen nan ya tafi, ƙafar baya a tsage, ga wani rami a gefen ciki. Ya ja jiki kaɗan, ba wajena ba, ya kwanta a inuwar wani buhu.

Alhaji yana haki. Rawaninsa ya warware, jini ya fantsama a rigarsa. Ya jefar da guntun laimar ya dube ni.

Ya ce, "Samari, ai ni da baƙar rigar nan na san ka. Da aka ce mani kai ke son aikin, cewa na yi a kira mani mai wutsiya."



Ya ce, "Ni ba na taɓa kare da hannuna. Ɗauki abinka."

Na sunkuya na ɗauke shi na saɓa a kafaɗa, yadda Fulani suke yi wa ɗan rago, ƙafafun gaba a hannu ɗaya, na baya a ɗaya. Bai yi gurnani ba, bai lashe ni ba. Na bi ta gaban mahauta. Mutanen nan da ba su taɓa barina na wuce ba tare da sun jefe ni da magana ba, ranar kowa ya sunkuya kan aikinsa. Da sun zage ni da ya fi mani sauƙi. Dara ta faɗi a wani wuri, ban tsaya ɗauka ba.

Da na isa sabarar na tarar da baƙar rigar a waje, an jawo ta, an tattake. Ga sawunsa nan kewaye da wurin. Ashe ya tsaya, ya shinshina, ya tona, ya ga riga babu mutum, sa'an nan ya wuce cikin gari nemana. Na shimfiɗa ta na naɗe shi a ciki, na sake saɓa shi, na ɗauki sandata. A wata rijiya na roƙi ruwa na zuba a tafin hannuna. Ya sha, amma idonsa yana wani wuri.

Ka san abin da nake yi a hanyar nan? Wani zai ce kuka nake ko istigifari. Ƙarya nake shiryawa. Ina tafe ina gyara ta, in ƙara nan in rage can. Da na hango rumbunan garinmu na ga labarin yana bukatar shaida, sai na ajiye karen a inuwa na kama sandata zan karya ta da gwiwa. Sandar kuwa mai kyau ce, ta ƙi. Sai da na kusa karya gwiwar kafin ta tsage. Yana kwance cikin rigar yana kallona ina tsalle da ƙafa ɗaya.

Rana tana shirin faɗuwa muka shiga gida. Na ce wa mai ɗakina ina tsaye da Alhaji ya iso, na buɗe mashi farar rigar ya shiga, amma sun yi yawa, suka kutso suka jawo shi, na yi ta dukansu har sanda ta karye. Na nuna guntayen. Na faɗa da ƙarfi don a ji a bayan darni. Maƙwabcina mai tsaki ma sai da ya leƙo ya ce, "Sannu, ka yi ƙoƙari." Wannan sannun ta fi tsakinsa duka zafi.

Mai ɗakina kuwa ta hura wuta. Ta dafa ruwa da gishiri ta wanke raunukan, ni ina riƙe da kansa. Ta daka bagaruwa ta barbaɗa, ta shafa man shanu a gefe, ta yage tsohon zanenta ta ɗaure cikin don ƙuda. Wadda ke zaginsa kullum, ita ta riƙa dama mashi fura da ruwa-ruwa tana tura kaskon har bakinsa. Farar rigar kuwa ta ɗauka ta jiƙa, ta wanke, ta ninke ta sa a tukunyar kaya. Mutane suka ce a sa ido ko zai yi hauka, tun da ba a san halin waɗancan ba. Allah ya kiyaye, bai yi ba. Ya tashi da kunne ɗaya, yana ɗingisa ƙafar baya.

Alhaji ya aiko ta bakin masu jakai cewa in zo, maganar tana nan. Na ce zazzaɓi nake. Ya sake aikowa, na ce bai sake ni ba. Aikin aka ba wani. Ni kuwa daga shekarar na koma kai gujiyata Mayahi, na ce wa mutane baskil ɗin can ya fi gaskiya.

Da ya warke sosai na sayo ƙuliƙuli, na sa baƙar riga, na tsaya a tsakar gida lokacin da ba kowa. Na buɗe ƙafa, na ɗaga bakin rigar, na bugi cinya. Ya taso, ya zo kusa, ya tsaya inda hannuna ba ya kaiwa. Na nuna mashi ƙulin a cikin rigar. Ya zauna yana jira. Da na gaji na jefa mashi, ya ci a ƙasa. Na yi ta gwadawa, kullum haka. Ba wai ya guje ni ba ne. Yana bina gona, yana korar kurege da ƙafa mai ɗingishi, in na kira shi yana zuwa. Amma tsakaninmu akwai wannan ƴar tazarar, kuma shi ya auna ta.

Wata ranar kasuwar Kanan-Bakashe muna dawowa, ni da mai ɗakina da shi. Tana gaba da ƙwarya a ka, ni ina baya da sabuwar sanda. A bakin hanya akwai mushen jaki, wasu karnuka sun taru a kai. Suna ganin nawa suka bar mushen suka taso. Na ce a raina, yau ga rana. Na tsaya na tattale ƙafa, na ɗaga baƙar rigar har ta kusa wuce misali, na bugi cinya, na sake bugawa, na ƙwala mashi kira da sunan nan nasa. Na bugi cinyar har ta yi zafi.

Ya dube ni, ya dubi karnukan. Sai ya ɗingisa da sauri ya wuce ni, ya je ya lafe a ƙafafun mai ɗakina, ya tura kansa ƙarƙashin bakin zanenta. Ita da ba ta da sanda, ba ta da komai sai ƙwarya. Ta tsaya cak, hannu ɗaya a kan kaya, tana zagin karnukan da iyayensu. Ni na saki rigata na afka masu da sanda, na bi su har cikin gonar wani. Wannan karon na yi jarumta sosai, sai dai ba wanda ya tambaye ni.

Na dawo ina haki muka ci gaba da tafiya, karen yana manne da ita. Shirun ya yi mani yawa, ni kuwa ban iya shiru ba, bakina shi ne babban abokin gabana. Sai na yi ƴar dariya na ce, "Kin ga butulci ko? Duk faɗan da na yi dominsa a Tasawa, yau ke ya zaɓa."

Ba ta juyo ba, ba ta rage tafiya ba. Abin da ta faɗa, har Allah ya karɓi ranta ba ta ƙara tayar da shi ba.

Ta ce, "Ni fa na wanke farar rigar nan, maigida. Jinin duk a kafaɗa yake. Cikinta ko gashi ɗaya ban gani ba."